Ranar Da Na Kulle Shikpan

Shafi na 17

Na ga zagin da kuka zuba min a ƙarƙashin shafi na 16. Wata ma cewa ta yi da ta san gidana a Kafanchan da ta zo ta wanke ni da mari. 'Yar'uwa ki huta, abin da zuciyata ke yi min ya fi marinki zafi.

Ga waɗanda suka shigo yau: sunana Yemima, ina koyarwa a firamare. Ni kaɗai ce admin daga kudancin Kaduna a Rumbun Sani, kundin nan na intanet da kowa ke iya rubutu a ciki ya kuma gyara na wani. Makulli a hannun admin yake. In faɗa ya ɓarke a kan wani shafi, sai ta kulle shi yadda ta tarar da shi, kowa ya janye hannu.

Ƙauyenmu suna biyu gare shi. Mu Shikpan muke cewa. A allon bakin titi da takardun gwamnati kuwa Mashayar Jibir ne. Wata huɗu muna gardamar wanne zai hau saman shafin, kuma ɓangarenmu ƙasa yake yi, domin doka ta ce sai sunan da aka samu a rubuce. Sai na buɗe akawun na biyu a ɓoye, na sa masa suna Ɗan Mashaya. Ƙanena Gershon, ɗan baffana, ya mayar da shafin Shikpan, ni kuma in dawo da shi Mashayar Jibir, in haɗa da zagi. Da faɗan ya yi zafi, na jira sai da Gershon ya sake mayarwa, na shigo da rigata ta admin na datse.

Abin da ban lissafa ba shi ne waifai, layin intanet na gida. Masu bincike suka gano Ɗan Mashaya da waifai ɗin gidan Malam Zubair yake shiga. Malam Zubair da ya koya min aikin nan tun daga yadda ake buɗe shafi.

Mu je.

*

Asabar da misalin sha biyu na sauka daga acaɓa a ƙofar gidansa, bayan tsohon kwatas ɗin 'yan reluwe. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, takalmina duk taɓo. Ƙarfe uku ne taron ƙungiyarmu ta marubutan Rumbu a Kafanchan, inda za a yanke ko a kore shi daga Rumbu har abada.

Matarsa Goggo Nene ce ta fara ganina.

“A'a, Malama! Kin guje mu. Laraba biyu ba ki zo ba.”

“Aiki ne, Goggo.”

“Shigo, shigo. Ga gyaɗa nan da zafinta.”

Ta turo min kwano, ta zauna a bakin tabarma tana gyara ɗankwali. Sai ta sassauta murya.

“Ke da kika san abin nan na kwamfuta, wai me Malam ya yi ne? Jiya na gai da Maman Joanna a bakin famfo, ta ɗauke kai. Shekara ashirin da ɗaya muna katanga ɗaya. Shinkafar Kirsimeti ba ta taɓa wuce ni ba, naman Sallah bai taɓa wuce ta ba. Wai ɗanta ya nuna mata wani abu a waya.”

Na mayar da gyaɗar cikin kwano.

“Za a gyara, Goggo.”

“To Allah ya sa. Ke ce tamu a can.”

Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Malam Zubair yana baranda a kujerarsa ta roba, tabarau a kan hanci, kwamfutarsa a rufe a gefe. Tunda na san shi ban taɓa ganin ta a rufe da rana ba. Shekararsa sittin da bakwai, talatin daga ciki a reluwe ya yi su. Shafi dubu da ɗari biyu ya rubuta a Rumbu da yatsa biyu. Tashoshin jirgi, noman citta, kasuwanni, har yadda ake dafa faten acca.

Na durƙusa.

“Baba, ina wuni.”

“Lafiya lau, Yemima. Ya yara a makaranta?”

“Lafiya.”

“Nene, ɗan ba mu wuri.”

Ta shige ciki. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Bai kalle ni ba.

“Mutum uku suka san kalmar sirrin waifai ɗin gidan nan,” in ji shi. “Ni. Da Nene, wadda in ba kiran 'yarta a Jos ba, ba ta san me ake yi da shi ba.”

Bai ƙirga na ukun ba.

“Baba...”

“Na duba tarihin shafin. Duk abin da Ɗan Mashaya ya yi, ranar Laraba ne, tsakanin huɗu da biyar. Ina salla, ke kina nan a kujerar nan.”

Na zauna a ƙasa a kan simintin mai sanyi.

“Tun yaushe ka sani?”

“Tun ranar da suka dakatar da ni.”

“Kwana goma sha ɗaya! Kuma ba ka kira ni ba?”

“Ina jira ki zo da ƙafarki. Ga shi kin zo.”

Kuka ya ƙwace min. Ba irin na fim ba, irin mai majina, mai sa kafaɗa rawa.

“Baba ban yi nufin ya faɗa kanka ba. Na rantse da Ubangiji. Data ce ba ni da ita, ban yi tunani ba. Babana har ya mutu yana cewa bai taɓa ganin sunan garinsu a rubuce ba, ko a takardar haihuwarsa. Na ga za mu faɗi. Na ce in na kulle, ko wata uku ne, yaranmu za su buɗe waya su ga Shikpan a sama.”

“Shi ya sa kika zagi Shikpan.”

“Don a yarda faɗa ne na gaske.”

“Da bakin Bafulatani.”

Na share hawaye da bayan hannu.

Ya miƙa hannu ƙarƙashin kujera ya jawo wata doguwar ambulan. Ya zaro takarda, tsohuwa, ta yi launin shayi, duk an liƙe ninkinta da salatif.

“Karanta nan.”

Taswira ce ta masu awon hanyar jirgi. Ya ɗora yatsa a gefen wani rafi. Rubutun ƙanana ne amma a fili suke.

Shikpan.

“Wajen wani tsohon abokin aikina na samo a Zonkwa. Sau uku ina zuwa kafin ya tuna akwatin da ya sa ta. Jibir ɗin da ake faɗa kakan mahaifiyata ne, kin sani. Ya shayar da shanu a wurin, gaskiya ne. Amma ya tarar da mutane, kuma mutanen suna da sunan garinsu. Na so in kawo wannan taro in ce a sa Shikpan a sama, Mashayar Jibir a layin farko. Da kin jira ni sati ɗaya, Yemima.”

Jama'a, kun taɓa jin kunya har ta koma zazzaɓi?

“Zan faɗa musu,” na ce. “Yau ɗin nan. Zan tashi in ce ni ce.”

“Ba za ki faɗa ba.”

Na ɗago.

“Ni zan ce ni ne.”

“Haba Baba! Wace irin magana ce wannan?”

“Saurara. A ƙungiyar nan mutum goma sha huɗu ne. Takwas coci, shida masallaci. Shekara uku muna zama a benci ɗaya, kin san ba ko'ina ake samun haka a garin nan ba. In aka ce tsoho ne ya yi wauta, za su yi tsaki, su kore ni, a wuce wurin. In aka ce 'yar Shikpan ce ta ƙirƙiri zagi ta liƙa wa Fulani, kina ganin Nabila, da ke cikin shidan nan, za ta sake zama kusa da Gershon? Kina ganin maganar za ta tsaya a Rumbu?”

“Sunanka fa? Maman Joanna fa?”

“Wannan tsakanina da maƙwabtana ne.”

“Ba zan iya ba.”

“Kin iya wanda ya fi wannan wuya.” Bai ɗaga murya ba. “Tashi ki wanke fuska kafin Nene ta fito. Ki riga ni zuwa, kada a gan mu tare.”

Kuma na tashi. Ku rubuta wannan ku ajiye, domin ni ma ban yafe wa kaina ba. Na tashi, na wanke fuska, har na karɓi ƙullin gyaɗa daga hannun Goggo Nene, na yi godiya.

*

A wani aji na makarantarmu muke taro. Bencin yara ne, gwiwar manya na dukan tebur. Oga Rufus, shugaban ƙungiya, yana gaba da kwamfuta, an jona ta da majigi ana haska bango. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, komai nasa sai da ajanda.

Ina shiga Gershon ya miƙe yana tafi.

“Ga shi nan! Sista Yemima, shi ne ya cece mu! In ba don makullinsa ba da yanzu an binne sunan garinmu.”

Wasu suka taya shi. Na nemi benci na can baya na zauna.

Malam Zubair ya shigo ƙarshe da farar riga da lema a hannu. Ya yi sallama. Mutum huɗu suka amsa.

Aka yi addu'a iri biyu kamar kullum. Oga Rufus ya gyara murya.

“Abu biyu ne a gabanmu. Na ɗaya, sunan shafi, da ko makullin zai ci gaba. Na biyu, maganar Malam. Zan fara karanta abin da Ɗan Mashaya ya rubuta, don kowa ya ji da kunnensa.”

“Sa, ai kowa ya gani,” na ce.

“A bari ya karanta!” in ji Gershon.

Ya karanta.

“‘Shikpan ba suna ba ne, kukan kwaɗi ne. Ba don shanunmu ba, wa ya san da ku?’”

Na tuna lokacin da nake rubuta shi. Har gogewa na yi na sake, don na farkon bai yi zafi sosai ba.

Gershon ya daki tebur.

“Kukan kwaɗi! Mamana ya ji wannan, kwana biyu bai ci abinci ba. Baba, mu muna kiranka Baba! Abeg, me muka yi maka?”

“Gershon, zauna,” in ji Oga Rufus. “Malam, masu bincike sun ce daga gidanka ne. Muna so mu ji daga bakinka.”

Malam Zubair ya dafa lema ya miƙe.

“Ni ne.”

Wani ya ce, “Yesu!” Wani ya yi salati.

“Ni na buɗe akawun ɗin. Son zuciya ne da tsufa. Ina roƙon mutanen Shikpan su yafe min. Ga wannan kuma.” Ya ajiye ambulan ɗin a gaban Oga Rufus. “Madogara ce, a Zonkwa na samo ta. Ta nuna sunan Shikpan a rubuce tun kafin a haife ni. A bar shafin yadda yake, a cire makulli. Ni kuma duk hukuncin da kuka yanke na karɓa.”

Ya zauna.

Na sunkuyar da kai ina kallon sunan da wani yaro ya kankare a jikin benci. Zuciyata tana cewa tashi, tashi mana! Ɗuwawuna kamar an kafa su da ƙusa.

Oga Rufus ya buɗe taswirar, ya daɗe yana kallo.

“To. Abin da ciwo, amma tunda ya amsa da bakinsa. Masu goyon bayan a toshe shi har abada...”

“Ƙarya ne.”

Nabila ce. Nas ce a wani asibiti, ko kayan aiki ba ta cire ba ta zo. Ita ma Malam ne ya koya mata, rana ɗaya muka fara.

“Nabila, ba a ba ki dama ba.”

“To na ɗauka. Ƙarya ne, Sa. Malam ko akuyar da ta ci masa shuka ba ya zagi. Mutumin da ya je Zonkwa neman takardar da za ta kayar da sunan kakansa, shi ne zai ce kukan kwaɗi? Ku dai ku yi tunani mana!”

“Ya amsa da bakinsa!” in ji Gershon. “Kina kare shi ne don naku ne!”

“Namu? Yau kuma mun koma namu da naku?”

“Ke kika fara!”

“Ya isa!” Oga Rufus ya buga tebur da biro.

Nabila ba ta zauna ba. Ta nuna kwamfutar.

“Abu mai sauƙi ne. In shi ne Ɗan Mashaya, ya zo ya shiga akawun ɗin a gabanmu.”

“Babu buƙata, 'yata,” in ji Malam.

“Akwai, Malam. Ka yi haƙuri. Ba zan ɗaga hannu a kore ka a kan abin da ban gani ba.”

“E, ya shiga!” in ji Gershon. “Mu ga sauran abin da ya ɓoye a ciki.”

Oga Rufus ya taɓa kwamfutar ya yi tsaki.

“Datata ta ƙare. Wa ke da ita?”

“Sista ya sa jiya,” in ji Gershon. Kafin in motsa ya zo ya zare wayar daga hannuna, irin na ƙane da yayarsa. “Buɗe mana.”

Na buɗe. Na kunna musu datar don su jona kwamfutar. Gershon ya kai ta gaba ya ajiye a kan teburin malami, kusa da kwamfuta.

Malam Zubair ya taso a hankali. Ya zauna. Ya sa tabarau. Bangon ya nuna akwati biyu, na suna da na kalmar sirri.

Da yatsa biyu ya rubuta Ɗan Mashaya.

Sai ya tsaya.

Ya rubuta wani abu. Ja ya fito. Ba daidai ba.

“A hankali, Malam,” in ji Oga Rufus.

Ya sake. Ja.

Na ga zufa a bayan wuyansa. Tsoho mai furfura, wanda ko sau ɗaya ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, yana zaune a gaban yaran da ya koyar yana lalube a madadina. Ya kalli allo, ya kalli taga, ya kalli silin. Ko'ina ya kalla ban da inda nake.

Na uku. Ja.

“Tsufa,” ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. “Na manta.”

“Ba ka manta ba, Malam,” in ji Nabila. “Ba ka taɓa sani ba. Wa kake rufa wa asiri?”

“Babu kowa.”

“To shi ke nan. Ga wurin ‘na manta kalmar sirri’ nan. In aka danna, saƙo zai tafi imel ɗin mai akawun. Fito da wayarka, Malam, mu ga ya shigo.”



Imel. Ranar da na buɗe akawun ɗin sauri nake kafin Malam ya idar da salla. Ban tsaya buɗe sabo ba. Tsohon imel ɗina na sa, na lokacin kwaleji, wanda har yau yake kan wayata.

Malam ya ɗora tafin hannunsa a kan madannan.

“Nabila, na roƙe ki. Ki bar shi haka. Ni na ce ni ne, me kuke nema kuma?”

“Gaskiya muke nema.”

“Ba kowace gaskiya ce za ku iya ɗauka ba.”

“Malam, ɗaga hannunka,” in ji Oga Rufus. Yanzu shi ma fuskarsa ta canja.

Nan ne fa. Daga bencina zuwa teburin taku shida ne. Ina da lokacin da zan miƙe in ce ni ce, da bakina, kafin kowa ya tilasta min. Da ko ba komai na tsira da wannan ɗaya. Na ga Nabila ta zagayo. Na ga ta janye hannun Malam a hankali, da ladabi, kamar za ta duba masa jini. Na ga ta kama linzamin kwamfutar.

Na miƙe. Bencin ya yi ƙara.

Na buɗe baki.

Ta danna.

Wayata ta riga ni magana. Ta yi ƙara a kan teburin, fuskarta ta kawo haske.

Gershon ne ya fi kusa. Ya leƙa yana dariya, zai ce wani abu. Dariyar ta tsaya. Ya ɗauki wayar ya kawo ta kusa da ido, leɓensa na motsi yana karantawa. Ya sake karantawa.

Malam Zubair ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu biyu.

“Kayya, Yemima,” ya ce.

Gershon ya juyo. Duk faɗan da ya shigo da shi ya zube, muryarsa ta koma ƙarama.

“Sista. Kukan kwaɗi... ke ne?”